Zuciyar da Kaka Ta Dangwala

Idan ana lissafin masu wayo a Chengdu, Pu Yalan ba za ta yarda a sa ta ƙasa da ta uku ba, na ɗaya da na biyun ma sai ta ga fuskarsu tukuna. Yarinya ce da ta ajiye aikin ofis mai na'urar sanyi, ta koma gidan shayin da ke bakin tafki a lambun tsakiyar gari tana sosa wa mutane kunne, kuma a lissafinta babu mahalukin da ya sani a gidansu.

Kamfanin inshora ta bari. Ta ce ta gaji da kiran mutanen da ke kashe waya tun ba ta gama faɗin sunanta ba. Wata Lahadi ta zo shan shayi, sai ga wani tsoho, Oga Kuang, yana ratsa kujerun gora yana kaɗa ƙarfensa mai baki biyu, ƙirrr, ƙirrr. Ta ce bari ta gwada. Da ya zura mata gashin agwagwa a kunne, ya jingina ƙarfen a jiki ya girgiza, sai da ta ji har ɗan yatsan ƙafarta ya yi godiya.

Ta buɗe ido ta ce, "Baba, kana ɗaukar 'yan koyo?"

Ya ce, "Ina ɗauka, in ba su da surutu."

"To ka same ta. Ni ko a makaranta sai an roƙe ni nake magana."

Kafin la'asar ya gane an cuce shi, amma hannunta ba ya rawa, shi kuwa abin da ya dame shi ke nan.

Yanzu ga ta da 'yar fitila a goshi, kayan aiki jere tsakanin yatsu, tambarin karɓar kuɗi mai ɗige-ɗige na lilo a wuyanta. Mutum ya gama lumshe ido, ya haska tambarin da wayarsa, aljihunta ya ce ƙit, kowa ya kama gabansa. Duk rayuwarta a cikin manhajar WeChat ta wayarta take. Da shi take biyan taliyar safe, da shi take buɗe keken haya, ta nan kwastomomi ke kama layi, ta nan mai gidan haya ke mata mita. Kuma da shi ɗin dai take yi wa iyayenta ƙarya. Kowace Lahadi sai ta saka farar riga, ta rataya tsohon katin ofis, ta jingina da farin bango ta kira gida ta bidiyo, tana hamma tana cewa aiki ya yi yawa.

Ba don komai ba sai don Malam Pu. Babanta tsohon malamin lissafi ne a Langzhong, ya yi ritaya amma bai ajiye halin ba. Tun ranar da ta taho birni ya faɗa mata, "Duk ranar da aikin nan ya ƙare, ɗakinki na nan. Ki dawo ki zauna ki yi karatun jarrabawar aikin gwamnati." Kuma shi ba ya ɗaga murya, da ma yana ɗagawa da sauƙi. Sai ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya ce, "To, bari mu ɗauki maganar daga farko." Kafin ya kai ƙarshe ka manta abin da kake so, har kana gode masa. Yalan, da bakinta ke cin kowa a Chengdu, ba ta taɓa cin babanta a gardama ba ko sau ɗaya. Ta san in ya ji, ta koma Langzhong ta gama.

Sai dai kuma ita ba mai iya cin daɗi ta yi shiru ba ce. Dole ta saka hotuna a Da'irar Abokai, shafin WeChat da abokai ke ganin abin da mutum ya saka. Don haka ta yi dabarar da duk wani ɗan zamani yake yi: ta tattara Baba, Mama, Kaka, kawunnai da gwaggwanni har da matar ɗan ƙanen Baba mai kai rahoto, ta zuba su a rukuni ɗaya ta sa masa suna Gida, ta toshe su daga gani. Sau ɗaya ta saita. Daga nan kullum sai ta taɓa "kamar na baya" ta wuce.

Ta saki jiki. Hotonta da fitila a goshi. Hoton wani ƙaton direba da ya yi barci a hannunta baki buɗe. Hoton kan zomo mai yaji, da rubutu a ƙasa: "Ladan kunne goma." Har da sunan gidan shayin a maƙale, don masu son zuwa.

Abu ɗaya ne ke ci mata tuwo a ƙwarya. Babu mai dangwala mata zuciya, alamar nan ta cewa hoto ya burge. Ko ɗaya.

Ta ce wa Oga Kuang, "Ka ga mutanen duniya? Da ina ofis, in na saka hoton kofin shayi ma sai zukata sun cika. Yanzu da na zama mai susar kunne kowa ya ɗauke kai, kamar na ci musu bashi."

Oga yana tsintar 'ya'yan kabewa ya ce, "Ko dai hotunan ne ba kyau?"

"Oga, fuskar nan ce ba kyau?"

"Ni kunne na sani. Naki kuwa na hagu ya fi na dama girma."

A haka aka yi ta tafiya, damina ta wuce, ganye ya fara ja. Ran nan da hantsi ta saka hoton wata tsohuwa da ta gama yi wa aiki, ta maida wayar aljihu. Ba a jima ba ta ji ƙit. Ta zaro, ta ga ɗan jan ɗigo a kan Da'irar Abokai. Zuciya! A ƙarshe dai wani ya tuna da ita. Ta buɗe tana murmushi.

Hoton furen magarya ne, da sunan Kaka a gefe.

Murmushin ya daskare. Kaka tana cikin Gida. Gida kuwa a toshe yake. Ta taɓa 'yar alamar nan mai kan mutum biyu da ke ƙasan hoton, wadda mai hoton kaɗai ke gani, kuma ba ta taɓa damuwa da ita ba. Ai kuwa sai ga shi ɓaro-ɓaro. Layi biyu ne a wurin zaɓin, ɗaya bisa ɗaya: na sama ya ce a nuna wa waɗannan kaɗai, na ƙasa ya ce a ɓoye wa waɗannan. Ranar da ta saita, hannunta ɗaya na riƙe da kan zomo. Na sama ta taɓa.

Ta koma baya tana dubawa. Direba mai barci: Gida kaɗai. Fitila a goshi: Gida kaɗai. Ladan kunne goma: Gida kaɗai. Duk faɗin ƙasar nan, mutanen da ta ɓoye wa su kaɗai take nuna wa.

Ta zauna daɓas a kujerar kwastoma. "Oga, na shiga uku."

"Kin fasa wa wani dodon kunne?"

"Da ma shi ne."

Kafin ta yi bayani saƙon murya ya shigo daga Kaka, dogo har ƙarshen abin da ake iya ɗauka. Ta kara a kunne.

"Lanlan, 'yar nema, tsohuwar nan ta hoton ai ta girme ni, ita kika sosa wa ni kika bar ni da ƙaiƙayi? In kin zo ki taho da gashin nan. Kuma kin rame, ki daina cin kan zomo, babu nama a jiki sai wahala..." Daga nesa sai ga muryar Malam Pu: "Mama, me kika taɓa? Mama! Ba mun ce kar kowa ya taɓa ba?" Kaka ta ce, "Yo ni hannuna ne ya zame." Aka ji kokawar waya, saƙon ya yanke.

Nan take ya ɓace daga allon, rubutu ya fito cewa Kaka ta janye saƙo. An makara, mai kunne ta riga ta ji.

Oga da ya ji labari sai da ya ƙware da shayi. "Wato duk zagin da kika yi wa ƙawayenki, bayin Allahn nan ko gani ba su yi ba?"

"Oga, ba lokacin dariya ba ne."

"In ba yanzu ba sai yaushe?"

Da yamma Mama ta turo rubutu gajere: "Babanki zai zo gobe da jirgin ƙasa na safe. Ya ce kar ki je tasha, ya san wurin. Tikiti biyu ya saya na dawowa, ɗaya da lambar katin shaidarki." Ta biyo da kyautar kuɗi a jar ambulan ta WeChat, a jiki an rubuta "ki ci abinci". Mama ke nan, ko gida na cin wuta sai ta tambaya an ci abinci.

Washegari Yalan ta yi wa mutum uku aiki ba ta san me ta yi ba. Malam Pu ya kunna mata taswira, ga ɗan ɗigonsa yana tafiya: ya fito daga tasha, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a ƙofar lambu. Ta ga ɗigon ya tsaya wajen masu rawa, ya kuma motsawa. Da ɗigonsa ya hau kan nata ta ɗaga kai, ga shi tsaye, farar riga a ɓalle har wuya, lema a hammata.

"Baba, sannu da zuwa."

"Pu Yalan."

Cikakken suna. Lanlan ta tafi hutu ke nan.

Ya zaɓi tebur, ya haska tambarin da ke kai, ya yi odar shayi mai fure kamar wanda ya saba zuwa. Ya gaisa da Oga Kuang da hannu biyu, ya ce, "Na san ka a hoto." Ya dubi tafkin, ya dubi masu buga wasan tebur na majang, ya dubi fitilar goshinta. Sannan ya kai hannu ga tabarau.

Yalan ta san in tabaran nan ya kai gefen riga, nata ya ƙare. Ta yi wuf ta ce, "Baba, tsaya. Kai ka ce malamin da ya ba da maki bai duba takarda ba azzalumi ne."

"Na faɗa."

"To ga takardar." Ta ɗaga kayan aikin. "Ka duba tukuna, sannan ka ɗauki maganar daga farko, daga tsakiya, daga duk inda ka ga dama."

Oga ya turo kujera mai jingina da ƙafa, ya ce, "Malam, ta fi ka gaskiya a nan." Malam Pu mutum ne da ba ya iya saɓa wa maganar da ta fito daga bakinsa. Ya ajiye lema, ya zauna a miƙe kamar za a ɗauke shi hoton fasfo.

Ta kunna fitila, ta kama kunnensa na dama. Ba ta taɓa ganin kan babanta daga sama haka ba. Gashin ya yi fari, tsakiyar ta buɗe.

Ta ce, "Doka ɗaya ce. In abu na cikin kunne ba a magana. Muƙamuƙi ya motsa, kunne ya motsa, in aka samu matsala ba ruwana."

"Ai ni..."

"Baba, na shiga."

Ya rufe baki. Tun da aka haife ta, yau ne ta ga filin magana babu mai tsaron gida.

Ta fara da ɗan siririn cokali, a hankali, tana magana daidai kunnen. "Ƙaryar da na yi ban kyauta ba, wannan ba sai ka faɗa ba. Amma ofis ɗin nan, Baba, kullum da safe sai na tsaya a ƙofa na ƙirga benen kafin in iya shiga. Ba korata aka yi ba, ni na fita da ƙafata. Nan kuwa ina biyan haya, ina cin abinci, ban nemi ko sisi a gida ba. Akwai wata tsohuwa da ke hawa mota biyu don ni. Oga ya ce baɗi zai bar mini ɓangaren bakin tafki."

Oga ya ce, "Na ce wataƙila."

"Ya ce wataƙila mai ƙarfi. Kuma jarrabawar nan, ka san ni ka san zama. In ka kulle ni a ɗaki da littattafai, Mama za ta haukace, Kaka ta koya mini caca, a ƙarshe in faɗi, ka ji kunya a gaban tsofaffin ɗalibanka. Ni ina taimakon mutuncinka ne."

Girar Malam Pu ta ɗaga. Leɓensa ya motsa.

"A'a, Baba. Ina daf da wuri mai haɗari."

Ba ta kusa da komai. Oga ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Ta sauya zuwa gashin agwagwa, ta murza shi a hankali. Kafaɗun Malam Pu suka fara sauka. Ta ɗauko ƙarfen, ta kaɗa, ta jingina a jikin sandar gashin. Ƙirrr. Idonsa ɗaya ya rufe, ɗayan ya bi shi. Bakin nan da ya ladabtar da yaran Langzhong shekara da shekaru ya karkace gefe guda, ƙafarsa ta dama ta miƙe da kanta har ta ture lemar.

Da ta zare, ya daɗe bai buɗe ido ba. Sannan ya kurɓi shayi, ya gyara wuyan riga, ya tattaro abin da ya rage na kwarjininsa.

Ya ce, "Yanzu an yarda in yi magana?"

"An yarda."

"Tun hoton farko muka gani. Uwarki ta zaci wasan kwaikwayo kuke yi a ofis. Da Lahadi ta zo kika kira mu da katin nan a wuya, sai na gane kuskure kika yi wajen saiti. Na tara kowa na ce kar wanda ya dangwala komai, kar wanda ya yi sharhi. Har zauren hira muka buɗe daban a WeChat."

"Ba ni a ciki?"

"To da ke za mu saka? Gida Ɗaya Zuciya Ɗaya na Biyu. Nan ake tattauna hotunanki. Kawunki ya ce direban nan ya san shi."

Yalan ta rufe fuska da hannu. "Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Da mun faɗa da kin gyara saitin." Ya juya murfin kofin. "Lokacin da kike ofis, abin da muka sani game da ke shi ne kin ci abinci. In an tambaye ki, kin ci. Shi ke nan. 'Yan watannin nan kuwa mun san wa kika gani, me ya ba ki dariya, wane takalmi kika saya. Uwarki da ta farka abin da take fara dubawa ke nan." Ya ajiye murfin. "Kiran Lahadin ne dai. Ita takan shiga kicin ta yi dariya. Ni ban taɓa jin dariyar ba."

Yalan ta kashe fitilar goshinta, don ta ga tana haska masa fuska.

Can ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Da ya gyaɗa kai ta ƙara, "To in ka sani tuntuni, tikiti biyun na mene ne?"

"Muddin ba ki san na sani ba, ba sai na ce komai ba. Yanzu kuwa kakarki ta ɓata shiri. Dangi duk sun zuba ido su ga me uba zai yi. In zauna in ce madalla, 'yata mai digiri tana haƙar kunnen direbobi?"

"Da na malamai."

"Kar ki ƙure ni." Ya zaro wayarsa, ya nisanta ta da ido, ya yi ta dangwale-dangwale. "Ban ce na yarda ba, ki ji da kyau. Jarrabawa kowace shekara ake yi, littattafan kuma ba inda za su. In sanyi ya shigo mutane suka daina zama a waje, za mu ɗauki maganar daga farko." Ya ƙara dangwalawa, ya tsuke fuska. "Wannan abin, ta ina ake mayar da tikiti?"

Yalan ta yi wuf ta miƙa hannu. "Kawo in yi maka!"

Ya janye wayar. "Ke? Sai ki mayar da nawa ki bar naki. Malam Kuang, don girmanka duba mini."

Oga ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya juyo da allon. "Wannan mai sunan Pu Yalan?"

"Shi."

"Ka tabbata? In na mayar ni zan ci gaba da jin surutun nan."

"Ka yi haƙuri da ita, mu ma haka muka yi."

Oga ya danna. Wayar ta ce ƙit.

Malam Pu ya karɓi abarsa ya saka a aljihu, ya kwantar da kai a jikin kujerar, ya juyo da kunnen hagu. "Rabin takarda na duba. Kuma abokan naki da kika bari a duhu, ki buɗe musu su ma su gani, amma mu kar a taɓa mu. Sannan in kin zo hutun sabuwar shekara ki taho da kayan nan, kakarki ta ishe mu. Wani abin kuma da nake so ki gane game da..."

Yalan ta kunna fitila ta kama kunnen. "Baba, na shiga."

Ya yi shiru.